Jar Tutar da Sau-ɗaya Bai Kafa Ba

Ku yaran yanzu kunnenku na ƙashi ne. A ce ku dakata, ku ce an raina ku. A ce ku faɗi gaskiya in kun yi kuskure, sai ku kumbura kamar an zagi iyayenku. Kun fi son a ce muku gwanaye da a ce muku masu amana. To ku ajiye dariyar nan da kuke zubawa a ƙarƙashin kowane rubutu, ku karanta wannan har ƙarshe. Ba don nishaɗinku na zauna rubuta shi ba.

Akwai wani matashi mai aikin fasa dutse da nakiya a wani kamfani da ke niƙa tsakuwa yana sayar wa masu gina titi da gadoji. Abokan aikinsa suna kiransa Sau-ɗaya, domin tun da ya karɓi lasisin aikin bai taɓa yin harbi, wato tayar da nakiya, wani rami ya ƙi tashi ba. Yaro ne mai hannu, wannan ba za a ƙwace masa ba. Sai dai sunan ya shiga kansa, har ya sa aka rubuta masa shi da fenti a bayan hular kwanonsa.

Ga yadda aikin nasu yake, don waɗanda ba su sani ba. Masu injin huda su ke huda ramuka a jere a saman dutsen. Mai harbi ya zo ya ɗura nakiya a kowane rami, ya toshe bakinsa da tsakuwa, ya bar wata siririyar igiya ruwan ɗorawa a waje. Sai ya haɗa igiyoyin duka su zama hanya ɗaya. A kori kowa, a tare hanyoyi, a busa jiniya, sannan ya danna madannin da ke tayar da nakiyar.

Amma babban aikin ba dannawar ba ce. Bayan ƙura da hayaƙi sun lafa, mai harbi ne kaɗai ke shiga. Zai bi tarin dutsen da ya zubo yana duba ko akwai ramin da ya ƙi tashi. In ya samu, sai ya kafa jar tuta, a killace wurin, aiki ya tsaya, a sanar da hukuma. In bai samu ba, sai ya ɗaga hannu a busa jiniyar lafiya. Daga nan kowa ya shigo da injinsa, ba mai ƙara tambaya. Duk mutanen nan, da masu iyali da marasa iyali, ransu yana rataye da hannun mutum ɗaya.

A kamfanin akwai mai harbi na biyu, wani dattijon mutum mai sanyin hali. Shi kam in ya ga abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, ko da yankakkiyar igiya ce kawai, sai ya kafa tuta ya tsai da aiki. Sau-ɗaya da bakinsa ya laƙaba masa suna Mai-tuta, kuma sunan ya bi shi.

"Mai-tuta, yau ma za mu ga ja ne, ko ka manta ta a gida?"

"Tana nan a jakata. Taka fa?"

"Tawa har yanzu da ninkin da aka ba ni ita. In kana son sabuwa ka yi magana, taka ta koɗe."

Leburori su kwashe da dariya. Mai-tuta ya girgiza kai ya ce, "Allah ya sa ta tsufa a ninke. Ni dai gara a yi min dariya da a je yi wa iyalina gaisuwa."

Sai kuma yayan Sau-ɗaya, wanda kowa a wurin ke kira Yaya. Shi ke tuƙa babbar katafilar da ke kwasar dutse tana zuba wa motocin tifa. Mahaifinsu ya rasu Sau-ɗaya bai ma iya ɗaura tazuge ba. Yaya ne ya riƙe shi, ya kai shi makaranta, ya roƙa masa aikin nan, ya tsaya masa har ya samu lasisi. Gida ɗaya suke zaune tare da tsohuwarsu, Inna.

Wata rana manaja ya kawo manyan baƙi, waɗanda za su ba kamfanin aikin yanka hanya ta cikin wani tsauni. Aikin yana bukatar shugaban masu harbi. Manaja ya dafa kafaɗar Sau-ɗaya ya ce a hankali, "Idona yana kanka. Kar ka ba ni kunya."

Ka'ida ita ce in mai harbi ya gama haɗa igiyoyi, ɗan'uwansa ya bi bayansa ya sake duba kowane ƙulli. Mai-tuta ya taho zai yi hakan, Sau-ɗaya ya tare shi da hannu.

"Baba, je ka riƙe mana jiniya. Baƙi suna tsaye a rana."

"Bari in leƙa kusurwar can kawai. Na ga kana haɗawa kana waige."

"Aikina ba ya son mai gyara."

Mai-tuta ya dube shi, ya dubi manaja da ke ta duba agogo, ya juya ya tafi wurin jiniyar.

Aka yi harbin. Ƙasa ta motsa, fuskar dutsen ta kwanta gaba ɗaya kamar an ture bango. Baƙi suka tafa. Da ƙura ta lafa, Sau-ɗaya ya saɓa jakarsa ya shiga yana taku ɗai-ɗai don a gan shi.

Ya bi tarin tun daga wannan gefe, ko'ina fes. Sai da ya kai kusurwar ƙarshe, wadda Mai-tuta ya so ya leƙa, ya tsaya cak. Ga igiya ruwan ɗorawa ta fito daga ƙarƙashin duwatsu, lafiyayya, ba ƙuna a jikinta. Ya durƙusa ya ɗan ja ta da yatsa biyu. Ta ƙi zuwa. Ɗaya bakin nata yana can ƙasa, cikin ramin da ke cike da nakiyar da ba ta tashi ba.

Ya sa hannu a jaka, yatsunsa suka taɓa tutar.

Sai ya waiga. Can a kan tudu ga baƙi da fararen hulunansu. Ga manaja yana murmushi. Ga Mai-tuta da hannunsa a kan jiniya. Ga Yaya tsaye a saman katafilarsa, ya kare ido da tafin hannu yana kallon ƙaninsa. Ya ji a kunnensa irin dariyar da za a yi in jan ƙyallen nan ya tashi sama, da irin sunan da za a sake masa kafin yamma.

Ya zare hannunsa daga jakar. Ya yi kamar yana gyara takalmi, ya tura igiyar da ƙafa cikin wani tsagi, ya mirgina dutse a kai. Sannan ya miƙe ya ɗaga hannu.

Jiniyar lafiya ta yi kuka.

Da ya fito Mai-tuta ya matso kusa da shi. "Ka daɗe a kusurwar can. Ka ga wani abu ne?"

"Tsakuwa ce ta shiga takalmina. Ko ita ma a kafa mata tuta?"

Aka sake dariya. Har manaja sai da ya dara.

Ba wai bai san abin da ya binne ba, ya sani sarai. Dabara ya ƙulla a ransa. Jibi akwai wani harbin a gefen wannan wurin. In ya zo haɗa igiyoyi sai ya tono wannan ya ɗaura ta cikin sauran, su tashi tare, ba wanda zai taɓa sani. Kuma katafila tana can ɗaya ɓangaren tana fama da tsohon tari, ba za ta zo nan ba sai ta gama. Haka ya lissafa. Ya manta ba shi ke juya kwanaki ba.

Da yamma suna zaune a tsakar gida aka kawo abinci. Yaya sai fara'a yake yi.

"Auta, yau ka fitar da ni. Ina jin wani cikin baƙin nan yana tambayar manaja, wane ne wannan yaron? Na ce a raina, nawa ne, ni na raine shi."

Inna ta dubi kwanon ta ce, "Wanda ake yabon kuma ko loma uku bai yi ba."

"Gajiya ce, Inna." Ya juya cokali a cikin kwano. "Yaya, tsohon tarin nan naku zai kai ku yaushe?"

"Sai wani makon, in Allah ya kai mu. Me ya faru?"

"Ba komai. Tambaya ce kawai."

Yaya ya ajiye cokalinsa ya ƙura masa ido. "In akwai abin da ke cin ka, faɗa min. Ni ne dai wanda ya sha wanke maka wando. Ba abin da za ka ɓoye min da ban ga wanda ya fi shi ba."

Matar Yaya ta yi dariya daga bakin murhu. Maganar ta zo wa Sau-ɗaya har maƙogwaro. Da ya buɗe baki a lokacin, da ban zauna ina rubuta muku wannan ba. Sai ya ce, "Wallahi ba komai, Yaya."

Kun ji, har da rantsuwa.

Washegari ya wuni kamar wanda aka ɗora wa garwashi a ka. Ko guduma aka buga sai ya zabura. Duk inda yake idonsa yana kan kusurwar nan. Da rana wasu leburori suka nufi inuwar sabon tarin za su huta, ya bi su da faɗa ya kore su, wai duwatsun ba su gama zama ba. Suka tafi suna gunaguni, suna cewa girma bai zo ba tukuna ya fara mulki. Ya koma gida yana ce wa kansa saura kwana ɗaya.

Da safe yana shiga, manaja ya kira shi. Nakiyar harbin yamma ba ta isa ba, sai an je babban rumbun ajiya da ke can bayan gari an ɗauko. Doka kuma ta ce motar nakiya ba ta tafiya sai da mai lasisi a ciki.

"Ranka ya daɗe, ga Mai-tuta, shi ya saba zuwa."

"Shi ya sa na ce kai. Wanda zai yi shugabanci gobe gara su san fuskarsa tun yau."

Ba yadda ya iya. Ya leƙa ɗaya ɓangaren, ya ga katafilar Yaya tana can a tsohon tari. Ya shiga mota, shi da direba da ɗan sandan rakiya.

Sun yi lodi lafiya. Kafin su taso ɗan sandan ya karɓi wayoyinsu, ya kashe, ya zuba a aljihun mota, domin ba a kunna waya kusa da irin wannan kaya. Suka kamo hanya a hankali, kamar masu ɗauke da ƙwai.

Suna shiga cikin gari direba ya ce, "Yau dai Yayanka zai sha aiki."

"Wane aiki?"

"Au, ba ka ji ba? Ina duba taya na ji manaja yana faɗa. Masu titin nan sun ce tsohon dutsen ya cika ƙasa, sabo suke so. An ce Yaya ya koma kan tarin da ka zubar shekaranjiya."

Sau-ɗaya ya juyo ya dube shi. Hannunsa ya kama ƙarfen ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Ai muna fitowa na gan shi ta madubi yana juya katafilar."

"Ta wane gefe zai fara?"

"Ni na sani? Ni direban tifa ne?"

"Taka motar nan."

Direba ya kalle shi ta gefen ido. "Da wannan kayan a bayana? Kai da ya kamata ka ce in rage?"

"To tsaya. Zan yi waya."

Ɗan sandan ya ce, "A nan? Dubi inda muke." Suna tsakiyar kasuwa ne. Mata da yara suna gogar jikin motar, masu babura suna kutsawa ta ko'ina. "Motar nakiya ba ta tsayawa cikin jama'a. Kai ne mai lasisi, kai ya kamata ka gaya min."

Dokokin da ya saba yi wa dariya su ne suka ɗaure shi a kujera. Motar tana jan ciki. A idonsa ba kasuwa yake gani ba. Haƙoran cokalin katafila yake gani suna shiga cikin dutse, suna fitowa, suna sake shiga, kowane shiga yana matsawa kusa da kusurwar nan.

Da ƙyar suka fita gari. Direba ya samu fili ya tsaya. Sau-ɗaya ya fizgi wayarsa, ya yi nisa da motar da gudu, ya kunna, ya kira Yaya.

Muryar mai gadin kamfanin ce ta amsa. Ya manta, kowane ma'aikaci a bakin ƙofa yake barin wayarsa.

"Baba mai gadi, ni ne Sau-ɗaya. Don Allah kira min Yaya."

"Yana can ƙasa yana lodi. Ka san ba na barin ƙofa. Lafiya dai?"

Ga ƙofa Allah ya sake buɗe masa. Kalma kaɗan ce: a busa jiniya, akwai ramin da bai tashi ba. Amma ya san in ta fita daga bakinsa zuwa kunnen mai gadi, ta fita ke nan. Lasisi, da shugabanci, da sunan da ke bayan hula. Shi so yake ya gaya wa Yaya shi kaɗai, Yaya ya ce injin ya lalace, a rufe maganar a cikin gida.

"Lafiya lau. Ka aika wani ya ce masa ya kashe injin ya zo, maganar gida ce."

"Wa zan aika? Kowa yana bakin aiki. In an tashi hutun rana zan gaya masa. Ko Inna ce ba lafiya?"

"A'a. Bari, ga mu nan zuwa."

Ya kashe wayar ya koma mota. Ya ce wa kansa tarin babba ne, Yaya ba zai kai kusurwar ba kafin su isa. Direba ya ce, "Kai, fuskarka ta yi fari. Ko cikinka ne?"

Ba su yi nisa ba suka tarar ana gyaran wata gada, an mai da hanya hannu ɗaya. Wani mai riƙe da jan ƙyalle ya tsai da su, ya saki na ɗaya hannun. Sau-ɗaya ya zauna yana kallon jan ƙyallen nan yana kaɗawa a gaban gilashi.

Sai ga tifofin kamfaninsu suna wucewa, cike da sabon dutse mai haske. Ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Direbobin suna ɗaga musu hannu. A ta ukun ya ga duwatsun suna da jan zane a jikinsu. Ya san wannan zanen. A duk fuskar dutsen, wuri ɗaya ne ke da irinsa, kuma ya durƙusa a kansa shekaranjiya.

Ba ta wannan gefen Yaya ya fara ba. Ta kusurwar ya fara.

Bai san lokacin da ya ɓalle ƙofa ya dira ba. Ɗan sandan yana kiransa, shi kuwa yana gudu cikin ciyawa yana kunna waya. Ya kira manaja, ba a ɗauka ba. Ya sake kiran wayar Yaya.

"Baba, a busa jiniya! Akwai ramin da bai tashi ba a inda Yaya ke lodi. Na gani, na rufe shi da dutse. Ka nemo Mai-tuta, ka gudu, don girman Allah!"

Mai gadi bai kashe wayar ba, da ita a hannu ya zura. Sau-ɗaya ya tsaya a tsakiyar fili, waya manne da kunne. Yana jin takun tsohon a kan tsakuwa, yana jin numfashinsa yana sarƙewa, yana jin yana ƙwala wa Mai-tuta kira. Can nesa, a bayan duk wannan, yana jin gurnanin katafila. Ta ja, ta yi shiru, ta zuba. Ta sake ja.

"Yaya, tsaya," yake faɗa a hankali, shi kaɗai a cikin ciyawa. "Yaya, tsaya."

Ya ji muryar Mai-tuta. Ya ji ƙarar ƙofar ƙarfe. Ya ji jiniya ta fara ɗaga murya.

Ba ta kai ga cika ba wata ƙara ta danne ta.

Wanda ya yi shekaru yana fasa dutse ba ya bukatar a gaya masa. A nan direba da ɗan sandan suka same shi a durƙushe, wayar tana ƙasa, ana jin ihun mutane a cikinta.

Yaya bai mutu ba. Haƙorin cokali ne ya sami nakiyar, duwatsu suka taso suka tarwatsa gilashin katafilar a fuskarsa. Likitoci sun ceci ransa, amma idanun biyu sun tafi. Direban tifar da ake yi wa lodi ya karye a kafaɗa, shi ma bai sake riƙe sitiyari ba.

A barandar asibiti Mai-tuta ya sami Sau-ɗaya a rakuɓe jikin bango. Rigarsa duk jinin Yaya, domin shi ya ciro shi daga cikin injin. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba.

"Mai gadi ya ce sau biyu ka kira."

Sau-ɗaya ya sunkuyar da kai.

"Tsakanin kiran farko da na biyu, ɗana, an cika tifa an sake cikawa. Ina danna jiniyar cokalin yana sauka. Da numfashi ɗaya ka riga, da yanzu yana zaune yana yi maka faɗa." Ya juya zai tafi, ya ƙara da cewa, "Na kafa tutar. Tawa na kafa, koɗaɗɗiyar."

Hukuma ta rufe kamfanin na wani lokaci, aikin tsaunin ya tafi hannun wasu. An sallami manaja saboda ya bari an tsallake dubawa ta biyu a gaban idonsa. Shi kuwa Sau-ɗaya, a gaban alƙali ba a sha wahala da shi ba, domin mai gadi ya maimaita abin da ya ji da kunnensa. Aka soke lasisinsa har abada, aka ɗaure shi shekaru. Yana can Inna ta rasu. Ba ta taɓa zuwa ganinsa ba, ba ta kuma taɓa zaginsa ba. In an ambaci sunansa sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Da ya fito ba shi da inda za shi sai gidan nan. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa sallama. Yaya yana zaune a tsakar gida da baƙin tabarau, ya ɗaga kai.

"Takun Auta nake ji. Shigo mana, gidanku ne."

Ya faɗi a gabansa yana kuka yana neman gafara. Yaya ya lalubi kansa ya shafa. "Na yafe tun ina gadon asibiti. Tashi, a ba ka ruwa."

Kuna tsammanin ya tsira ke nan? To ku saurara.

Yanzu dako yake yi a kasuwa, da shi yake ciyar da gidan. Kowace safiya kafin ya tafi, shi ke riƙe wa Yaya sanda ya kai shi shagon wani abokinsa inda yake wuni. Akwai babban titi a tsakani. In sun zo bakin titin, sai ya duba dama, ya duba hagu, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Yaya, hanya lafiya. Taho."

Yaya ba ya motsawa. Sai ya tsaya yana saurare har ya ji takun wani mai wucewa, ko wane ne, ko mai talla, ko ɗan makaranta, ya ce, "Bawan Allah, don Allah duba min, hanyar lafiya?"

Sai baƙon ya ce lafiya, sannan Yaya ya ɗaga ƙafa.

Ranar farko Sau-ɗaya ya ce, "Yaya, ai na gaya maka."

Yaya ya ce, "Na ji ka, Auta. Ba fushi nake yi ba. Zuciyata ta yafe, ƙafata ce ta ƙi yarda. Ran nan ma ai ka ɗaga hannu."

Haka suke yi har yau, safe da yamma. Shi yana tsaye riƙe da bakin sanda, kansa a ƙasa, yana jiran wanda bai san su ba ya zo ya gaskata maganarsa a wurin ɗan'uwansa.

Darasi: Kuskure ba ya kashe mutum kamar ɓoye kuskure. In aikinka irin wanda mutane ke shiga wuri saboda ka ce lafiya ne, ko kai mai harbi ne, ko makanike, ko mai haɗa wuta, ko mai ba da magani, ka sani bakinka amana ne. Ka kafa tutarka a yi maka dariyar yini ɗaya. Ana yafe laifi, amma yarda in ta fashe ba ta ɗinkuwa. Ku tura wannan ga duk wani yaro da kuka san yabo ya fara toshe masa kunne, tun yana da sauran wanda ke yarda da maganarsa.